Furar da Kawunki Bai Sha Ba

Uwani ɗiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ya sa kun sauka Mayahi lami lafiya ke da ƴan rakiya. Allah ya tsare ki daga sharrin hanya, da sharrin baki, da sharrin abin da ido ba ya gani. Allah ya sanya albarka a ɗakin da kika shiga, ya sa ki tsufa a cikinsa.

Na cusa takardar cikin kwallar yaji, don na san halinki, nan za ki fara buɗewa. Ke ce ta fari, ko sunanki na yanka ban iya kamawa, balle in zaunar da ke in dubi idonki in yi maki maganar da ke cikina. Gwaggonninki sun yi maki nasu faɗan, haƙuri, tsabta, girki, yi na yi bari na bari. Duk gaskiya ne, ki riƙe. Amma ko ɗaya cikinsu ba ta taɓa auren ɗan sanda ba. Ni na aura, ke ma ga shi kin aura. Rubutuna na ƴar aji shida ne, hannun ya fi sabawa da murza ƙuli-ƙuli, ki yi haƙuri da karkacewarsa.

Tsoro nake ji, Uwani. Ba angonki nake tsoro ba, yaron yana da kunya, ya san durƙuso. Bakinki nake tsoro. Ranar da aka sa ki lalle ina bayan ɗaki ina tace ƙullu, na ji ki kina waya da shi, kina dariya har kina shaƙewa. Labarin Sabi'u kike ba shi, ɗan Kawunki Mani, yadda yake ɗaure jarkokin esansi, man fetur na sumoga, a kan moto mai ƙafa biyu har ba a ganin kansa, yadda yake bi ta gonaki ya kauce wa shingen ƴan sanda ya ɓulla Mayahi. Wallahi sai da matacin ya faɗi daga hannuna. Muryarki na ji, amma kaina nake gani. Mayahin nan fa can angonki yake aiki, can kuma Sabi'u yake kai kayansa. Saboda haka zauna ki karanta, kada ki tsallake layi kamar yadda kike tsallake fim idan an zo wajen wa'azi.

Bari in fara daga tele, tunda ni ma daga nan ciwon ya kama ni.

Muna ƴan mata aka kawo tele garinmu Maijirgi, guda ɗaya tak a garin, mai aiki da hasken rana, aka kafa ta ƙofar gidan maigari. Da an idar da magariba sai gari ya watse can, maza gaba, mu baya a kan turame da muka mirgino. Akwai wani wasan kwaikwayo da ake nunawa mai ɗan sanda a ciki. Dogon mutum ne, tenu ɗinsa, wato kayan sarki, a goge, ba ya ɗaga murya. Duk inda aka zalunci wani sai ya bayyana. Akwai kuma yarinyar da yake so, ita ce take jiyo magana a kasuwa ta zo ta raɗa masa, ya dube ta ya yi murmushi, kashegari a kama mugu. Mu kuwa sai guɗa. Ni dai na koma gida ina kallon samarin garinmu da kaushin ƙafa da ƙurar gona, sai na ji duk sun fita raina. Ke taki telen a tafin hannunki take, naku ƴan sandan suna da baƙin tabarau da mota, suna dukan ƙofa da ƙafa. Amma na leƙa ta kafaɗarki na gani, yarinyar nan mai raɗa tana nan, zane kawai ta sake.

Babanki, Allah ya jiƙansa, a shingen shiga Tasawa na fara ganinsa. Ranar kasuwa ce, muna kan amalanken Yaya Mani da tulunan man gyaɗa. An tsayar da na gabanmu ana ta bincike. Da aka zo kanmu sai ya dube ni, ya dubi jakin, ya ce, "Wannan jakin ya gaji, ku wuce." Shi ke nan fa abin da ya ce. Ni kuwa na kwana bakwai ina juya maganar kamar waƙa. Kasuwa ta zagayo, na ci kwalliya kamar mai zuwa biki, Yaya Mani yana tsokanata, "Ke Zule, man gyaɗa za ki sayar ko kanki?" Kafin kaka maganar aure ta tashi.

Babanmu ya so a aika garinsu can yamma a binciko asalinsa, a ji wane ne shi idan ya tuɓe tenu. Na yi kuka, na ƙi cin tuwo, na ce mutumin gwamnati ne, wane bincike kuma. Yaya Mani ne ya shiga tsakani ya ce a bar ni. Ki riƙe wannan, shi ya tsaya mani. Allah ya taimake ni babanki mutumin kirki ne, amma sa'a ce, ba wayona ba. Gaskiyar magana tenu na aura, mutumin daga baya na san shi. Sai da na tare na gano yana da ciwon ciki, yana tsoron kunama fiye da ni, kuma idan ya dawo daga shinge ƙafafunsa a kumbure suke, ba abin da yake so sai ruwan zafi da shiru. Ke ma ki nemi sanin mutumin da ke cikin rigar. Ki san abin da ke ba shi dariya, da abin da ke hana shi barci. Wanda kika gani a waya ba ya gumi, ba ya jin yunwa, ba shi da shugaban da zai zage shi a gaban mutane. Naki yana da duka ukun, kuma gida zai kawo maki su.

Wautata ta biyu daɗin tsoro ce. Da na tare a Tasawa sai na zama Madam. In na je pampo sai mata su janye bokitansu, a ce Madam ta fara ɗiba. Mahauci ya ƙara mani tsoka ban roƙa ba. Ni ƴar Maijirgi da ta saba layi tun asuba, sai kaina ya kumbura, na ɗauka ƙauna ce. Wata tsohuwa mai daddawa a unguwarmu ta taɓa ce mani, "Ɗiyata, ba ke ake gaisarwa ba, hular mijinki ake gaisarwa." Na yi tsaki na ce hassada ce. Ban lura ba cewa duk gidan da na shiga, hira tana canza hanya. Ana maganar wani abu, da na yi sallama sai a koma tsadar gero. Ke idan aka janye maki bokiti a Mayahi, ki mayar da shi inda yake, ki bi layi. Idan aka ƙara maki nama, ki biya ko ki mayar. Ki bar su su saba da ke a matsayin Uwani tun kafin su saba da ke a matsayin matar wane. Hula kam ana ɗauke ta a kai wani gari ko da yaushe, ke ce za ki zauna da matan unguwa ranar haihuwa da ranar makoki.

Wuri ɗaya ne ba a canza hira in na shigo, gidanmu na Maijirgi. Can ni Zule ce, wadda ta taɓa faɗawa ramin ƙasa da tallan fura a ka. Can ake sakin baki a gabana. To nan ne na yi ɓarnar da ta sa nake rubuta maki wannan takarda.

A da Kawunki yana da amini makiyayi, Agali, wanda mutanensa ke kiwo arewa da Urafane. Tun kakanni ake wannan zumunci. In an girbe gero sai ya sauko da dabbobinsa gonar Yaya Mani, su ci kara su bar taki, a ba shi damen gero, ya kawo cuku da nono. Yaranmu Baba Agali suke ce masa. A shekarar da nake goyonki, rigima ta haɗa shi da wani dillali a kasuwar dabbobi ta Tasawa, a kan raƙumar da aka sayar ba da yawunsa ba. Zagi ya kai ga uwa, Agali ya ɗaga sanda, kan dillali ya fashe. Bai mutu ba, amma ya kwanta asibiti, danginsa suka kai ƙara komisariya, ofishin ƴan sanda. Agali ya gudu, aka yi ta nema ba a gan shi ba.

Ana cikin haka aka yi suna a gidanmu, na je da ke a baya. Muna tsakar gida muna gyaran kayan miya, sai matar Yaya Mani ta fara dariya ita kaɗai. Aka ce mene ne. Ta rage murya ta ce Agali yana cikin rumbun bayan gida. Mutum mai tsawon dabino, an naɗe shi cikin rumbu kamar tabarma, rawaninsa ya maƙale a baki, ana miƙa masa shayi ta sama, yana ta ƙorafin sukari ya yi kaɗan. Muka yi dariya har da hawaye. Ta ce dattawa suna ta kai da komo tsakaninsu da dangin dillali, an kusa shiryawa, za a ba da awaki a biya magani, a yafe. Yaya Mani ya ce amana ce, ba zai miƙa baƙonsa ba sai an gama sulhu, sannan ya kai shi gaban sarki da ƙafarsa. Ba wadda ta ce mani kada in faɗa. Wa zai ce wa ɗiyar gida haka?

Yanzu ki ji abin da ya kai ni, don ba mugunta ba ce, kuma shi ya sa abin ke ba ni tsoro a kanki. Babanki mutum ne marar magana. Ya dawo, ya ci, ya kunna rediyo. Ni ga surutu, kin san inda kika gado naki. Sai na lura abu ɗaya ne ke sa ya rage rediyon ya juyo ya dube ni, in na kawo labarin gari. Wane ya saki matarsa, wane ya sayi gona. Sai ya ce, "To? Sai aka yi yaya?" Wannan "sai aka yi yaya" ita ce zumar da nake lasa. Ina jin kaina kamar yarinyar nan ta tele. Da na dawo daga suna na ajiye masa tuwo, na ga ya yi shiru kamar kullum, sai na ce, "Kai, in ba ka labarin dariya?" Na ba shi duka, har da kwaikwayon yadda Agali ke ƙorafin sukari. Ya yi dariya, Uwani, dariya sosai, irin wadda na daɗe ban ji ba. Ya tambaye ni wane rumbu, na gaya masa. Na kwanta ina murna na faranta ran mijina.

Da kasuwa ta kusa sai ya ce mani, "Yayanki zai shigo gari ko? Mun daɗe ba mu gaisa ba. Ki aika ya biyo ya sha fura." Daɗi ya kama ni. Na ce yau ga miji mai son dangina. Na jiƙa gero mai kyau, na daka da kaina, na sa citta da kanumfari yadda Yaya yake so, na nemo nono mai kauri wajen Fulani. Na aika masa takanas. Ya zo da hantsi, ya ɗaure jakinsa ƙofar gida, ya karɓe ki ya ɗaga sama yana cewa, "Ina amaryata mai kumatu?" Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, na dama furar, na durƙusa na ajiye ƙwaryar a gabansa.

Ya ɗebo ludayin farko bai kai baki ba suka shigo. Su biyu ne, abokan aikin babanki, waɗanda nake dafa wa shayi. Babanki yana bayansu, sanye da tenu, bai dube ni ba. Ashe tun da safe an haɗa kai da jandarmomi an je Maijirgi an fito da Agali daga rumbu. Saura mai gidan da ya ɓoye shi, kuma an ga ya fi sauƙi a same shi a zaurena da a kama shi tsakiyar kasuwa. Yaya Mani bai yi gardama ba. Ya mayar da ludayin cikin ƙwarya a hankali, ya miƙa hannuwa aka sa ankwa. Sai ya juyo ya dube ni ya ce, "Zule, furar ke nan?" Abin da ya ce ke nan. Da ya zage ni da ya fi mani sauƙi.

Na bi su har titi ba ɗankwali, ke kina tsala kuka a bayana, jakin yana nan ɗaure. Matan pampo duk sun fito suna kallo. Ba wadda ta matso kusa da ni.

Sulhu ya rushe, don magana ta riga ta shiga takarda, dattawa ba su da ta cewa. Agali ya yi zaman kaso mai tsawo, da ya fito bai sake saukowa gonarmu ba, zumuncin kakanni ya yanke a kan labarin dariyata. Kawunki ya yi watanni, damina ta faɗi yana ciki. Maƙwabta sun yi gayya sun shuka masa, amma gona ba mai ita ai sai ciyawa. A can ya kwaso tarin nan da kike ji yana yi har yau in sanyi ya shigo. Babanmu ya aiko a gaya mani kada in zo, ba don fushi ba wai, don kada mutanen gari su jefe ni da magana. Innarmu ta rasu bayan shekara biyu, na je, aka karɓe ni, aka ba ni tabarma. Amma da na shiga tsakar gida sai hira ta koma tsadar gero. A gidanmu, Uwani.

Kada ki ɗauka babanki azzalumi ne. Na yi masa kuka, na kama rigarsa, na ce me ya sa. Ya ce, "Zule, an fasa kan mutum. Na ji inda mai laifi yake. In na yi shiru aka gano na sani, ni ne a kaso. Ke kika gaya wa mijinki, amma kunnen da ya ji na ɗan sanda ne, ba ni da wani kunnen." Na daɗe ina jin haushin maganar nan kafin in yarda gaskiya ya faɗa. Su ƴan sanda rantsuwar aiki suka yi, da Alƙur'ani a gabansu. Abin da har yau ban iya haɗiyewa ba shi ne furar. Da ya je ya kama shi a hanya, da aiki ne. Amma ya sa na daka da hannuna. Kafin ya rasu ya roƙe ni gafara a kan wannan, na yafe masa, Allah ya yafe mana baki ɗaya.

A tele, in yarinya ta kawo labari aka kama mutum, sai a saki kiɗa, ɗan sanda ya riƙe hannunta. Bari in gaya maki abin da ya biyo baya a nawa gidan. An ƙara wa babanki galo a kafaɗa, ya samu girma. Sannan ya daina magana a gabana gaba ɗaya. In abokansa suka zo, na kawo shayi, sai su yi tsit har in fita. Wata rana na kasa daurewa na ce, "Ni ma yanzu ɓarauniya ce da ake ɓoye mani magana?" Bai ɗaga murya ba, bai ma yi fushi ba. Ya ce, "Bakin da bai rufe wa ɗan'uwansa ba, ni zai rufe wa?" Kin ji fa. Na rasa can, na rasa nan. Aka ɗauke shi zuwa gabas, na bi shi, muka yi zamanmu da mutunci har Allah ya karɓi abinsa na dawo Tasawa, amma "sai aka yi yaya" ban sake jin ta ba.

To ga abin da nake so ki yi, kuma kada ki jira sai kin gama cin amarci.

Ki samu angonki da rana tsaka, yana cikin natsuwa, ki gaya masa labarin nan duka. Ban hana ki ba, asirina ne, na ba ki. Ki ce masa ku yi alkawari tun yanzu. Ke ba za ki kawo masa maganar danginki da ta maƙwabta ba, shi kuma ba zai tambaye ki ba, kuma ba zai taɓa yin tarko da ƙwaryarki ko tabarmarki ko sunanki ba. In aikinsa ya biyo ta kan naki, ya je ya yi shi a titi da hularsa a ka, kowa ya gani. Ki dubi fuskarsa lokacin da kike faɗa. In ya yi dariya ya ce ai shi ba haka yake ba, ki sake faɗa, don babanki ma ba haka yake ba.

Kuma ki tambaye shi kai tsaye abin da ya riga ya ji a kan Sabi'u, mene ne zai yi da shi. Magana ta riga ta fita, ba ta komawa. Ba cewa nake ki roƙe shi ya ci amanar aikinsa ba, wannan ma wata hanyar kashe aure ce, ranar da aka tuɓe masa tenu saboda ke ba zai manta ba. Ni na riga na kira Sabi'u na gaya masa a fuskarsa cewa an san hanyarsa, kuma daga bakin gida aka sani. Ya ce, "Gwaggo, to da me zan ciyar da yara?" Na ce ya nemi wani abin, ko ɗaukar fasinja ne, ko ya koma gona wajen ubansa. Ya ce zai duba. Kin san "zan duba" ta samarin yanzu. Ke ma ki kira shi, ki ba shi haƙuri, ki faɗa masa gaskiya. Gara ya ji haushinki yau da ya dube ki da ankwa a hannu.

In shiru ya dame ki a gidan, don zai dame ki, aikinsu yana cinye masu magana, kada ki sayi hirarsa da asirin mutane. Ki ba shi labarin akuyarki, ki ba shi labarin faɗawata rami da tallan fura, ki yi masa tatsuniya ma in ta kama. In ba ki da abin faɗa ki zauna kusa da shi ku yi shirun tare, ba ya kisa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wayar nan kuma ki yi hankali da ita. Ni sai da na hau amalanke na dawo Tasawa kafin in yi ɓarnata, ina da hanya mai tsawo da zan iya yin tunani ban yi ba. Ke taki ɓarnar danna yatsa ɗaya ce, ko tashi daga tabarma ba sai kin yi ba.

Haka nan abin da kika ji daga wajensa, inda za su, da wanda suke nema, kada ya wuce haƙoranki, ko ni kada ki gaya wa. Zamanin nan ba irin namu ba ne, hanyoyi sun lalace, masu tenu su ake fara nema. Kalma ɗaya a wajen kitso tana iya sa ki takaba. In ya fita ki yi masa addu'a, ki bar zancen a nan.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi yi mani nauyi. Kawunki bai taɓa yanke ni ba. Yana gaishe ni, ya zo ta'aziyyar babanki, shi ya karɓi sadakinki tunda dangin ubanki suna nesa. Amma tun ranar nan bai sake sa komai a bakinsa a gidana ba. Ko ruwa. In na kawo sai ya ce, "Alhamdu lillahi, yanzu na sha." Kin sha tambayata me ya sa Kawu ba ya cin abincinmu, ina ce maki ciwon ciki ne. Ranar ɗaurin aurenki na sake gwadawa. Na daka fura da citta da kanumfari, na aika masa zaure. Ƙwaryar ta dawo yadda ta tafi, ludayin ma a bushe. Shekarunki ke nan ina dama furar da ba a sha.

Amma ke yana shan taki. Tun kina ƙarama in kika je hutu Maijirgi, ke yake cewa ki dama masa, ya shanye ya ce amaryarsa ta fi kowa hannu. Bai taɓa ɗora maki laifina ba. Da zai tafi bayan biki na ji yana gaya wa mutane cewa ranar kasuwar Mayahi zai zo ya ga ɗakinki, Sabi'u zai kawo shi a moto. Tsoho mai tari zai sake shiga gidan wani ɗan sanda, da ɗansa a gaba, saboda ke.

Don Allah, don Annabi, ki gama maganar nan da angonki kafin ranar. In ba ki samu alkawarin ba, ki aika wa Kawunki kada ya zo, ki ƙirƙiro ko wane dalili, ni zan ɗauki zunubin. In kin samu, to ki jiƙa gero mai kyau. Citta ta ɗan fi kanumfari yawa, kada ki cika ruwa, ba ya son ta tsinke. Ki durƙusa ki ajiye masa, ki zauna nan kusa har ya gama.

Allah ya tsare ki, ya tsare mijinki a bakin aikinsa, ya mayar maki da shi gida kullum da ƙafafunsa. Allah ya tsare Sabi'u a hanya, ya ba shi sana'ar da ba gudu a cikinta. Allah ya sa wa bakinki linzami, ya ba ki zuri'a mai albarka, ya sa ki fi ni. Ki gaida angonki, ki gaida maƙwabtan da ban sani ba tukuna.

In sun tafi lafiya, ki kira ni. Ba sai kin yi dogon bayani ba, na san kuɗin waya. Ki ce mani kawai, "Inna, ya sha."

Mahaifiyarki,
Zule
Tasawa